Ranar da Auta Ta Sallami Kawunta

Kawu yana durƙushe a ƙarƙashin tebur, yana hure ƙurar cikin wata kwamfuta, ya ji Auta tana yi wa uwarta bayani. Makarantar koyon kwamfutar ta yayarsa ce, uwar Auta. Na'urorinta ashirin duk sun tsufa, kuma da gyaransu yake ci da iyalinsa.

"Umma, kar ki sake sayen irin waɗannan," in ji Auta, wadda bana ta gama jami'a. "Ki sayi babba guda ɗaya, sauran kuma ƙananan akwatuna da ke jone da ita. Babbar ce ke yin aikin, su nunawa kawai suke yi."

"Ai na ji babbar tsada gare ta kamar mota."

"Ranar saye kaɗai za ki ji zafin. Waɗannan kuwa kowace da cikinta, kowace da ciwonta. Ga shan wuta, ga fanka ta mutu, ga gyara duk mako."

Tana faɗar "gyara" sai muryarta ta yi ƙasa. Ta manta akwai mutum a ƙarƙashin tebur.

Yaya ta leƙo. "Kai ne masani. Me ka gani?"

Kawu ya fito yana kaɗe gwiwa. Ya san abin da zai ce magana ta mutu nan take: in babbar ta tsaya, aji duka ya tsaya. Ya san kuma Yaya ba ta taɓa ƙetare shawararsa ba. Sai dai haya ta hau, ɗalibai kuma sun fara komawa inda na'ura ba ta ɗaukewa ana tsakiyar darasi.

Ya dubi yarinyar. "In babbar ta tsaya fa?"

"Na sa wata ƙarama ta ko-ta-kwana a lissafin, Kawu, wadda za ta karɓi aikin. Ko da ita, kafin shekara biyu mun mayar da kuɗinmu."

Wani daɗi ya cika masa ƙirji, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yaya, yi yadda ta ce. Ni da kaina ba zan tsara ya fi haka ba."

Ya tattara kayan aikinsa ya fito. Tela na maƙwabta ya ɗago daga kan kekensa.

"Yau da wuri haka?"

"Sallamata aka yi," in ji Kawu, bakinsa har kunne. "'Yarmu ce. Ka zauna in gaya maka yadda ta yi."