Fida Mai Huda Ɗaya

Fida bakwai Mavluda mai kantin kayan jarirai ta jera a kan tebur, daga ƙarama zuwa babba. Shahlo ta tsaya tana kallonsu, 'yarta Marjona kwance a kafaɗarta, ba ta miƙa hannu ga ko ɗaya ba. Surukarta, Inna Saodat, ita ce ta ɗauki ta gilashi, ta ɗaga ta wajen haske, ta ƙwanƙwasa ta da farce kamar mai sayen kankana.

"Watan gimbiyar nawa?" in ji Mavluda.

"Uku," in ji Shahlo.

"Uku kacal har an gaji? 'Yan matan yanzu ke nan. Ko maigidan ne ya ce a sakar masa kayansa?"

Ta yi dariya ita kaɗai. Inna Saodat ta ajiye fidar a hankali, ta ce maigidan yana kwance a asibiti a Surgut, can Rasha.

Duk wanda ke kasuwar Hujand yana da wani nasa a Rasha, saboda haka Mavluda ba ta nemi dogon bayani ba. Daler, mijin Shahlo, ɗan Inna Saodat ɗaya tilo, mako uku ke nan da ya faɗo daga hawa na uku na ginin da suke yi. Ƙugu ya karye, baya ya taɓu. Abokan ɗakinsa sun yi ta karɓa-karɓa wajen jinya har suka gaza, don su ma aiki ya kai su can. Dole wani ya je daga gida. Inna Saodat ba ta jin Rashanci, gwiwoyinta kuma ko matakalar masallaci ba sa so. Shahlo ce ta rage. An samar mata wurin kwana a ɗakin wasu mata bakwai masu shara a kantuna, ɗakin da ba a shiga da jariri, a garin da ƙanƙara ta riga ta fara zuba. Ranar Asabar jirginta zai tashi. Yau Litinin.

Mavluda ta kawar da fida huɗu gefe, ta ce waɗannan na ado ne, na masu son a gani. Ta bar uku. Inna Saodat ta tsaya a kan ta gilashi: ita ake tafasawa ba ta canza kama, ba ta riƙe ƙarni. Shahlo ta dubi hannun tsohuwar, hannun da kullum da safe yake karkarwa har shayi ya zuba a faranti. Ta sunkuyar da kai, ta ce ta roba ta fi sauƙin riƙo. Inna Saodat ta dubi hannun nata ita ma, ta tura shi cikin hannun riga. Ba ta ƙara maganar gilashi ba.

"Kwalba ba ita ce matsala ba," in ji Mavluda, ta jawo wani kwali ta zazzage. "Bakin ne. Yaro bai san kwalba ba, baki ya sani."

Bakunan roba suka bazu a kan tebur, dogaye da gajeru, masu faɗi, masu ruwan zuma da farare fes. Shahlo ta miƙa wa surukarta jaririyar, ta shiga ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Ta matsa wannan da yatsa, ta ɗora wancan a kuncinta. Duk sanyi gare su. Ta daɗe a haka, masu saye biyu suka shigo suka fita, ba wanda ya ce ta yi sauri. Daga ƙarshe ta ware wani gajere mai faɗin gindi. Mavluda ta dube ta daga wuya zuwa ƙirji, irin duban da mata ke yi wa juna, ta gyaɗa kai ta ce ta yi daidai. Huda ɗaya gare shi, madara ba za ta shaƙe yarinya ba, sai ta ja kamar yadda ta saba.

Aka haɗa da burushin wanki, da filas na ruwan ɗumi, da gwangwanin madara biyu. Sai Mavluda ta ɗora wasu bakuna biyu a kai, ta ce wannan na wata shida ne, wannan na wata tara, gara a haɗa yanzu a hutar da tsohuwa hawan mota.

"A'a," in ji Shahlo. "Ba za a buƙace su ba. Wata biyu zan yi."

Mavluda ba ta yi musu ba. Ta ci gaba da naɗe kaya a takarda, idonta a kan aikinta.

"Ni ma wata biyu na ce. Ɗana yana wata huɗu na bar wa mahaifiyata shi. Da na dawo har ya shiga makaranta. Yanzu ya yi gemu, yaron kirki ne, komai yana yi mini. Amma har yau Yaya yake kirana." Ta ɗaure ledar. "Ki ji abu guda, ƙanwata. Kada ke ki ba ta. In tana jin ƙamshinki ba za ta karɓa ba. Ki fita, ki yi nisa."

Da suka fito, Inna Saodat ta ce ta manta hankicinta a kan tebur, ta koma ciki. Shahlo ta ga hankicin a aljihun rigarta, bakinsa a waje. Ta juya baya, ta tsaya tana kallon masu gurasa har tsohuwar ta dawo tana cusa wani abu a jaka.

Shahlo ba ta bi shawarar mai kanti ba. Talata da Laraba ita ta riƙa gwadawa da kanta. Ta tafasa fidar, ta auna madara, ta ɗiga a bayan hannu ta ji ɗuminta. Marjona takan karɓi robar da murna, a zatonta wasa ne, ta juya ta da harshe, sannan ta turo ta waje. In yunwa ta yi yunwa sai ta karkata kai, ta shiga goga fuska a rigar uwarta tana nema, tana wani ƙaramin kuka mai kama da tambaya. Shahlo takan daure minti biyar, wani lokaci goma. Daga nan sai ta ɓalle maɓalli.

Maƙwabta suka shigo da dabaru. Wata ta ce a shafa sukari a robar, wata ta ce a ba ta da cokali, wata ta ce a nemi mai shayarwa a unguwa. Inna Saodat ta zuba musu shayi, ta saurare su duka, ta raka su ƙofa. Ranar Alhamis da hantsi ta ɗauki tsohuwar rigar Shahlo ta yafa a kafaɗa, ta zauna kusa da gadon lilo, ta miƙa hannuwa.

"Amarya, kawo ta. Kwana biyu suka rage. In kika tafi ba ta koya ba, ni da ita za mu yi ta kuka, ba mai rarrashin wani."

"Inna, bari ta ɗan sha kaɗan tukuna."

"In ta sha kaɗan ba za ta karɓa ba. Ke ma kin sani."

Shahlo ta miƙa ta. Ta fita tsakar gida, ta wuce tanderu, ta tsaya ƙarƙashin rumfar inabi, inda ya fi ko'ina nisa da ɗakin. Nisan bai isa ba. Kukan ya fara a hankali, ya hau, ya zama na fushi, sannan ya koma wani iri da ba ta taɓa ji ba, muryar ta dushe tana tsinkewa. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri. Ta ɗauki tsintsiya ta share ganyen da ya zuba, ta tara shi, ta sake share wurin da ta riga ta share.

Wayarta ta yi ƙara. Daler ne. Fuskarsa ta cika gilashin wayar, ta rame, gemu ya fito ba tsari. Bai taɓa ɗaukar 'yarsa ba, a waya kawai ya san ta, amma ya gane muryarta nan take. Ya tambayi abin da ya same ta. Shahlo ta ce wanka ake yi mata. Ya kasa kunne yana saurare.

"Wannan ba kukan wanka ba ne," ya ce. "Shahlo, ki zauna. Ki bar tafiyar nan. Ina samun sauƙi, jiya har na motsa ƙafa."

Leɓɓansa sun bushe sun tsage. A bayan kansa, a kan ɗan tebur, ta hango kofin ruwa cike, an ajiye shi inda hannun mai kwance ba zai kai ba. Ta tambaye shi wa ya juya shi yau. Ya ce wani zai zo in an tashi aiki. Ta ce tana tafe ranar Asabar, ya faɗi abin da yake so ta riƙo masa. Ya rufe ido, ya ce busasshen inabi na gidansu, ko kaɗan ne.

Bayan ya kashe wayar ne ta lura tsakar gidan ya yi tsit. Ta yar da tsintsiyar, ta je bakin taga a guje, ta leƙa ta gefen labule. Marjona na kwance a hannun kakarta, fuska ja, gashi jiƙe da gumi, kumatunta na motsi. Tana sha tana ajiyar zuciya. Hannunta ɗaya ya kama yatsar tsohuwar, kamar yadda yake kama na uwarta. Inna Saodat ta ɗago, hawaye na bin kuncinta, ta motsa baki ba sauti: ta karɓa.

"Alhamdu lillahi," in ji Shahlo, ita ma ba sauti.

Ta jira sai da fidar ta ƙare kafin ta shiga. Yarinyar ta yi barci, ciki ya tasa, ɗigon madara a gefen baki. Shahlo ta durƙusa kusa da ita, kusa sosai, yadda ƙamshinta zai isa. Marjona ba ta juyo ba. Inna Saodat ta dubi gaban rigar surukarta, wanda ya jiƙe har ciki, ta ce a hankali, cikin muryar roƙo, kada ta tashe ta, kada a ɓata abin da aka samu da ƙyar.

Shahlo ta ce to. Ta ɗauki fidar ta kai kicin, ta wanke da sabon burushin, ta kife ta ta tsane. Sannan ta ɗauki kwanon shayi, ta zaga bayan ɗaki, ta tsuguna ta fuskanci bango, ta tatse nononta har zafin ya ragu. Kwanon ya kusa cika. Ta miƙe da shi a hannu biyu, da ɗuminsa, tana duban tsakar gidan, tana neman inda za ta zubar.