Na Ba Tuluna Baya

Shekarata huɗu ina gadi a Doha, kuma ba don tulu ba, da tuni ɗakin nan namu na mutum shida a unguwar Al Wukair ya haukata ni. Ɗan tulun ƙasa ne. Ina zuba masa ruwa zuwa rabi, in kafa leɓe a bakinsa in busa, sai ya yi gurnani kamar bajimi. Ɗantala direba ya ɗaure igiyar shanya tsakanin bokiti da sandar tsintsiya, ita yake kaɗawa. Malachi mai gyaran esi kuwa cokula biyu ne nasa. Duk Juma'a, ranar hutunmu, idan mun sauko daga masallaci muna iske shi yana jiranmu bayan ɗakin wanki.

Malachi ne ya saka bidiyonmu a waya, har ya kai ga wasu Amurkawa su biyar da suka yi shekara talatin suna yawon duniya suna kiɗa da tulu da allon wanki. Ashe sana'a ce a can, ni kuwa a nan ana ce mini ƙaton banza mai wasan yara. Shugabarsu, wata dattijuwa mai furfura, ta aiko cewa za su yi wasa a Corniche, bakin teku, ranar Juma'a bayan la'asar, mu zo mu yi waƙa ɗaya tare. A tsakiyar waƙar kowa zai yi shiru, tuluna kaɗai za a ji. Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban taɓa son wani abu haka ba.

Ranar Alhamis oga ya liƙa takarda a ƙofa: babu hutu gobe, kamfaninmu aka ba gadin taron.

Na same shi a ofis. “Oga, minti biyar kawai. In hau, in busa, in sauko.”

Ko kai bai ɗago ba. “Khalas, Ghali, magana ta ƙare. Wanda ya bar wurinsa ya haɗa jakarsa.”

Bizata a hannunsu take, kuma bakuna bakwai ke jirana a Zariya. Na juya na fito.

Kuma don a ƙarasa ni, washegari sai aka tsayar da ni a gindin dandali, taku uku daga matakala. Dokar aikinmu ɗaya ce: mai gadi jama'a yake kallo. Bayansa ga dandali, hannu a baya, ba waiwaye ko da sama za ta faɗo.

Ɗantala ya gifta ta gefena da bokitinsa, ya rage murya. “Malam Ghali, na ɗora tulunka a kan kujera. Ruwan rabi ko?”

“Rage kaɗan,” na ce, ban motsa kai ba.

Aka fara. Na ji allon wankin Amurkawan, na ji cokulan Malachi suna gudu kamar kullum, don bai taɓa iya jira ba. Ni ina kallon baƙin fuskoki, ga teku da jiragen katako a gefe, gumi na bin bayana. Ina jin haushin kowa, har yaran da ke rawa.

Na ɗauka dattijuwar za ta busa nata tulun a gurbina. Ba ta busa ba. Da aka zo wurin da zan busa, komai ya tsaya cak. Mutane suka fara leƙe ta saman kafaɗata, wata mata tana nuna wani abu da yatsa. Na san kujerar take nunawa. Leɓuna suka haɗe da kansu, na ƙirga bugu takwas, iska kawai ke fita.

Rediyon kafaɗata ya yi ƙara. Oga ne.

“Ghali, kai ke kusa. Me ya faru, na'ura ce ta mutu?”

Na danna maɓalli. “Lafiya lau, oga. Mai tulun ne bai zo ba.”