Shingen Lallen Kauthar

A shekarun da kuɗi suka yi ta yawo a Abuja har kowane tudu ya samu mai zuba masa siminti, wata jami'a mai zaman kanta da ke hanyar filin jirgi ta tashi gina ɗakunan kwanan ɗalibai mata. An gama ginin farko, 'yan mata sun tare. Na biyu yana bayansa, har yanzu da katako a jikinsa, leburori suna hawa da sauka da kwanon kankare a ka. Aikin shuke-shuken ginin farko Kauthar aka ba, a matsayin gwaji. In ya burge shugaban kwamitin amintattun jami'ar ranar Alhamis, za a ba ta na gini na biyu da duk filin da ke tsakani. In bai burge shi ba, akwai tebur da kujera suna jiranta a ma'aikatar da mahaifinta yake aiki, kuma ta riga ta yi masa alkawarin za ta je ta zauna ba gardama.

Ita kuwa Kauthar ko a mafarki ba ta son teburin nan. Yarinya ce da in ta ga ƙasa mai laushi sai hannunta ya fara ƙaiƙayi. Ta yi karatun shuke-shuke, ta yi shekara biyu tana yi wa wani kamfani aiki a gidajen Maitama, inda take dasa furannin da ba mai kallonsu sai maigadi da direba. Da ta samu aikin kanta sai ta yi gaban ginin yadda Abuja take so, ciyawa shimfiɗe kamar darduma da 'yan itatuwan ado a jere. Amma a baya, gefen da ake shanya, ta yi abin da ranta yake so. Tun daminar bara ta dasa shingen lalle daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Injiniya Labaran, daraktan ayyuka na jami'ar, bai so ba. Mutum ne dogo mai son takalmi mai ƙyalli, wanda a wurinsa duk shukar da ba ta da sunan Turanci ciyawa ce. Ya ce mata lalle kayan ƙauye ne, ta ce masa ba ya shan ruwa da yawa kuma furensa yana ƙamshi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ita za ta yi bayani ranar da manya suka zo. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne a tsakar gidan kakarta a Zariya akwai lalle a bakin rijiya, kuma tun rasuwar tsohuwar ba ta sake jin ƙamshin nan ba.

Shingen ya girma a ɓoye, don masu gini sun kewaye bayan da kwanon rufi saboda kada ɗalibai su shiga wurin aiki. Ya kai ƙirji, ya yi duhu, ya fitar da fararen furanni. Ranar Litinin Kauthar da kanta ta sa aka cire kwanon, ta tsaya tana kallon abinta tana murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Daga nan ta koma gaba, inda ake ta fama da shimfiɗa ciyawa, ba ta sake leƙa baya ba. Me za ta duba? Wannan ai ya gama kyau.

To, makon nan shi ne makon al'adu na ɗalibai. Kuma yawancin 'yan matan Abuja lalle a leda suka san shi, gari, daga kasuwa. Sun yi ta wucewa ta jikinsa da bokitin wanki ba su san me suke gogawa ba, sai da Nabilah, wata 'yar Maiduguri mai karatun shari'a, ta fito shanya ƙamshin ya daki hancinta. Ta ajiye bokiti, ta tsinki ganye ta murza, ta duba yatsunta. Kafin azahar labari ya gama hawa uku na ginin.

Ranar Laraba da la'asar Kauthar ta gama aikin gaba, ta tsaya tana kaɗe ƙasa daga siket ɗinta, sai ga Nabilah da wasu 'yan mata sun kewaye ta. Suka ce yau ba inda za ta, sai an yi mata ƙunshi. Ta ce gobe tana da manyan baƙi, suka ce shi ya sa ma. Haka suka ja ta har falon ƙasa, inda ta tarar da abin da ya fi kama da gidan biki. An ture kujeru, an shimfiɗa tabarmi, 'yan mata zaune ƙafa a miƙe cikin leda, hannu a sama. Wata tana yanka salatif tana manna zane, wata tana matsa lemun tsami a roba, injin markaɗe yana ta ƙara a lungu. Har Kindness, wata 'yar Filato da ta rantse ba mai shafa mata ganye, tana nan kwance da hannu biyu a naɗe, ana ba ta biskit a baki.

Kowa ta gan ta sai ta ce an gode Anti, Allah ya saka da alheri. Kauthar ta ɗauka ciyawar gaba ce ta burge su haka, kanta ya yi girma, ta yi ta cewa ba komai, ai aikinta ne. Nabilah da kanta ta zauna ta yi mata, ta ce nata ne zai fi na kowa. Kauthar ta ji ƙamshin lallen, ɗanye shar, ta lumshe ido ta tuna Zariya. Ta yi niyyar tambayar inda suka samo mai kyau haka, sai aka kunna waƙa, wata ta tashi rawa da leda a ƙafa ta zame, dariya ta cinye tambayar. Da aka wanke kafin magariba, jan da ya fito ya sa falon ya ɗauki guɗa. Ta tuƙa mota zuwa Lugbe tana kallon hannunta a kan sitiyari, saura kaɗan ta wuce kwanar gidansu.

Washegari ta iso da sassafe, zuciyarta fes. Ta sa safar hannu ta aiki don kada ƙasa ta ɓata mata ƙunshi, ta durƙusa tana gyara bakin ciyawa. Tana nan Bartholomew, shugaban ma'aikatanta, ya zo da gudu yana haki, hula a hannu.

"Madam, ka je baya kuwa? Akuya ya shiga, ko ba akuya ba, ni ban sani ba. Ganye duka ya tafi."

Ba ta samu ta miƙe da kyau ba sai ga motoci sun shigo, an zo da wuri. Injiniya Labaran ya fito yana gyara hula, ya ruga ya buɗe wa shugaban kwamiti ƙofa. Alhaji Nababa dattijo ne gajere mai faɗi, da sanda da farar babbar riga, gemunsa ja wur, irin jan da ba ya zuwa da kansa. Ya dubi ciyawar gaba ya gyaɗa kai, kamar yadda mutum yake gyaɗa wa abin da ya gani sau dubu. Ya ce a zagaya da shi baya.

Kauthar ta bi su. Da suka sha kwana sai ta ga shingenta. Daga wannan kusurwa zuwa waccan tsirara yake, sanduna kawai a tsaye kamar tsintsiyar da aka kafa a ƙasa, sai ɗan ganye a can ƙasa inda hannu ya yi ƙyuyar sunkuyawa. Leburorin gini na biyu sun daina aiki, sun jeru a kan katako suna kallo. Nan take ta gane komai, godiyar jiya da ƙamshin ɗanyen ganye da injin markaɗe. Ta ji kunya, ta ji takaici, ga kuma wata dariya ta taso mata daga ciki wadda ta san in ta fito ta shiga uku.

Injiniya Labaran bai yi baƙin ciki ba ko kaɗan, ko da yake ya yi ƙoƙarin nuna haka. Ya sa aka kira ɗalibai. Suka fito cikin kwalliyar makon al'adu, laffaya da atamfa da saƙi, suka tsaya kowace hannu a baya. Ya ce wannan ɓarnar dukiyar makaranta ce, kuma ba sai an yi dogon bincike ba, duk wadda aka ga ja a hannunta yau za ta kwashe kayanta daga ginin. Ya ce su miƙo hannu. Suka miƙo a hankali, layi guda ja wur, har da Kindness da ta fara hawaye.

Nabilah ce ta yi ƙarfin hali. "Ranka ya daɗe, wallahi mun ɗauka don mu aka shuka. Lalle ne fa, a bayan ɗakin mata. In ba don mu ba, don wa?"

Ta juyo ta dubi Kauthar, ba da roƙo ba, da mamaki kawai. Kauthar ta dubi safar hannunta. Ba wanda zai ce ta cire. In ta yi shiru, ita aka yi wa ɓarna, Alhaji zai tausaya mata, wataƙila ma tausayin ya ba ta gini na biyu. In ta cire, ta zama mai shukar da ta zauna aka shafa mata shingenta a hannu tana dariya, kuma teburin ma'aikata ya matso kusa. Ta tuna furannin Maitama da ta yi shekara biyu tana ba ruwa ba wanda ya taɓa tsinkar ko ɗaya. Ta kama bakin safar ta zare, ta zare ɗayar, ta je ƙarshen layin ta tsaya kusa da Kindness ta miƙa hannu.

Wani lebura a sama ya fashe da dariya, 'yan uwansa suka bi. Nata ne ya fi na kowa ja, kamar yadda Nabilah ta yi alkawari.

Injiniya Labaran ya samu abin da yake nema. Ya juya wurin Alhaji ya ce ai tun farko ya faɗa, ga sakamakon kawo kayan ƙauye jami'a. Ya ce lalle abin tsofaffin ƙauye ne da waɗanda ba su waye ba, ba wani mai hankali a Abuja da zai yarda a gan shi da shi a wannan zamani. Yana cikin zuba idonsa ya sauka a kan gemun da yake yi wa bayani. Ya yi maza ya juya maganar. Ya ce wato, yana nufin, a matsayin shinge. Ba wanda ya taimake shi.

Alhaji Nababa ya shafa gemunsa sau ɗaya, a hankali. Ya taka da sandarsa har gaban Kauthar, ya sa tabarau, ya ce ta juya hannun. Ta juya. Ya daɗe yana dubawa kafin ya tambaye ta ko an haɗa da wani abu, Nabilah ta amsa daga tsakiyar layi cewa lemun tsami ne kawai. Ya ce shi na kasuwa yake saye, rabinsa ƙasa ce, sai ya kwana biyu yana ƙaiƙayi. Sannan ya nuna sandunan ya tambayi Kauthar ko sun mutu ke nan. Ta ce a'a, lalle ba ya mutuwa don an tsige shi, in ruwa ya sauka zai tofo ya fi da.

"To in ya tofo, su sake tsigewa?"

"Za su sake, ranka ya daɗe," in ji ta. Wata dabara ta riga ta zo mata. "Kuskurena layi ɗaya na dasa. A gini na biyu layi biyu zan yi. Na waje na ido, ba mai taɓawa. Na ciki na hannu."

Alhaji ya dube ta ta saman tabarau, ya ce wa ya gaya mata an ba ta gini na biyu. Ta sunkuyar da kai. Ya bar ta a haka har sai da ta fara ganin teburin nan da idonta, sannan ya juya ya kama hanyar mota. Ya yi 'yan taku ya tsaya, ya ce da Injiniya ba yarinyar da za ta kwashe kaya, kuma a rubuta layi uku.

"Na ukun fa, ranka ya daɗe?" in ji Injiniya da ƙaramar murya.

Alhaji gemunsa kawai ya kama ya ɗaga masa.

Motoci ba su gama fita ba guɗa ta tashi, leburori suna buga kwanon kankare a sama, Bartholomew yana rawa da hula a hannu bai ma gama gane abin da ya faru ba. 'Yan mata suka yi wa Kauthar rumfa da jajayen hannuwa. Da ta samu ta zame, ta je jikin shingen ta durƙusa, ta ɗaga wani reshe ta ga idon toho a jikinsa. Dariyar da ta danne tun ɗazu ta fito, ta zo da hawaye. Ta ciro waya ta kira mahaifinta, ya ɗauka yana tambaya yaya aka yi, sun yaba kuwa.

"Baba, sun tsige shi tas," in ji ta, tana share ido da bayan jan hannunta. "Ko ganye ba su bari ba. Ka ba wa wani teburin nan."