Farin Ƙwaro a Falon Baba Hedimasta

"Kai! Wannan kuma daga gidan uban wa?"

Mai Ɗinki ce ke faɗa ita kaɗai a falon Baba Hedimasta, buta a hannu. Ta ɗaga ganye ta ga wani farin abu kamar burbushin auduga ya manne a bayansa. Ta sa farce ta taɓa, abin ya motsa. Ta duba tukunya ta biyu, ta uku, ta huɗu. Duk sun kamu.

Baba Hedimasta maƙwabcinta ne, ƙofarsa na kallon tata a hawa na biyu. Tun da ya yi ritaya matarsa ta rasu, ya mai da falonsa lambu. Kuma shi ba ya sayen shuka a bakin titi kamar kowa. A'a, sai ya yi oda ta waya, a aiko masa ta gidan waya cikin kwali, an naɗe saiwar da jiƙaƙƙiyar takarda. Tukwane talatin da ɗaya ya tara. Ranar da za a kai shi asibiti saboda zuciyarsa, yana haki ya tsaya a matakala ya miƙa mata makulli da takardar dokoki guda tara, da jan biro. Doka ta huɗu ya ja wa layi biyu: duk sabon tsiron da ya iso, a kai shi banɗaki ya yi kwana goma sha huɗu shi kaɗai kafin a haɗa shi da sauran.

Kwali ya iso bayan tafiyarsa da kwana uku. Ta buɗe ta ga ɗan tsiro ya yi yaushi, ya sha wahalar hanya. Haba! Baƙo ya zo daga nesa a rufe shi a banɗaki? Ita ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Ta dasa shi, ta ba shi wuri mai kyau a tsakiyar 'yan'uwansa. To, ga tukuicin da baƙon ya ba ta.

"Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba," in ji maigidanta da ta faɗa masa, har da dariya. "Ki saya musu maganin sauro ki fesa mana."

Ta fesa. Washegari ganyen tukwane biyu ya ƙone ƙurmus, ƙwarin kuwa ko tari ba su yi ba.

Da ta je dubiya ta same shi a jingine da filo, robar iska a hanci, tabarau a goshi.

"Baba, ya jiki?"

"Jiki da sauƙi. Ya 'ya'yana?"

"Lafiyarsu lau. Kullum sai sun sha ruwa."

"Kullum? Doka ta biyu ta ce sau biyu a mako."

"Haka nake nufi, Baba."

Ya sauke tabarau kan hanci. "Matso nan, 'yar nan." Ya miƙa yatsu biyu ya ɗauke wani abu daga hannun rigarta, ya ɗaga shi wajen haske. Fari ne, yana motsi.

"Kin buɗe kwalin, kin haɗa su."

"Baba, tausayi ya ba ni."

"Tausayi! Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa sa sabon ɗalibi a aji ba sai na duba kansa." Tari ya sarƙe shi, nas ta leƙo ta harare ta, kamar ita ta kawo ciwon. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Ɗauko biro. Auduga a bakin tsinke, ki tsoma a sifirit, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan ganye, gindin ganye, bakin tukunya. Sannan ruwan sabulu. Duk bayan kwana huɗu ki maimaita, don ƙwai suke yi. Kafin a sallame ni kar in ga ko ɗaya."

Ta fito tana ƙunƙuni. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, amma bakin nan bai mutu ba! Ita da ke da ɗinkin mutane jibge, ta koma likitar ciyawa. Amma kunyar abin ta fi ƙarfinta. Amana ya ba ta, ta ci, kuma ta rantse tsohon nan ba zai dawo ya tarar da ƙwaro ko ɗaya ba.

Mako uku ta yi tana durƙuso a falon nan kowace safiya. Gwiwoyinta suka yi kanta, yatsunta suka bushe da sifirit. Ka share nan, su ɓullo can. Wata mai kaya ta zo karɓar riga ta tarar ko yanka ba a yi ba, ta kwashe yadinta ta tafi tana surutu. Kullum kuma sai Baba ya bugo waya, muryar na ƙara ƙanƙancewa.

"Nawa kika kashe yau?"

"Baba, wa zai ƙirga ƙwaro, don Allah?"

"Ni da ina nan da na ƙirga."

Ranar Laraba ta bi tukwanen kaf, sau biyu, har da tocila. Babu. Ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Alhamdulillahi, na huta da jaraba." Ta tsinki ganye ɗaya mai sheƙi ta naɗe a hankici, don ta san halinsa, ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa.

Da ta isa asibiti ta tarar an yaye zanin gadon, ana goge katifar roba. 'Yarsa, wadda ta iso daga nesa shekaranjiya, tana zaune a benci da jakar kayansa a cinya.

"Yaya, Baba ya cika ɗazu da hantsi."

Mai Ɗinki ta yi salati. Sai kuma haushi ya turnuƙe ta tare da kuka. "Awa biyu kawai, Baba! Awa biyu ka kasa jira?" Ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, don ba ta taɓa son wani ya ce mata ta kyauta ba kamar yadda ta so tsohon nan ya ce.

Bayan mako guda 'yar ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Mai gidan haya yana son ɗakinsa, kuma tukwane ba sa shiga mota.

"Ko kina so, Yaya?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Na gama bautar ganye."

Da rana ta leƙo ta ga masu kwasar kaya sun jere tukwanen a bakin bola, rana na dukansu. Ta yi tsaki, ta koma ciki, ta sake fitowa.

"Kai, malam! Wa ya ce maka wannan na son rana? Miƙo nan!"

Sawu goma sha shida ta yi a matakalar nan tana masifa. Taga ɗaya ce tak a ɗakinta, kuma nan keken ɗinkinta yake. Ta tsaya ta dubi keken, ta dubi tukwanen, sannan ta sa kafaɗa ta tura shi lungu.

Da la'asar maigidanta ya shigo ya same ta a lungun, ta ƙanƙance ido tana neman kafar allura, zaren na ta kucce mata. Hasken tagar duk yana kan ganye.