Lambobi Shida a Wayar Hajiya Tela

Kamfaninmu na gida ne ya turo ni ƙasar nan in kula da ɗakunan sanyi a wani babban rumbun kifi da nama, kwantiragin shekara biyu. Aikin bai taɓa ba ni tsoro ba. Shekara goma sha huɗu ina gyaran injin sanyi, da jin ƙararsa nake gane inda yake ciwo. Abin da ban hango ba shi ne albashina a bankin gida zai ci gaba da sauka, ni kuwa ga ni nan da kati ɗaya tal a aljihu.

Duk ranar da na je injin cirar kuɗi na bakin tashar bas, sai an aske ni sau uku. Bankin mai injin ya yanki nasa, bankina ya yanki nasa, wajen canji kuma a sake rage wani abu. Dogo, direban motar ɗaga kaya na rumbun, wanda muke hayar ɗaki ɗaya, yakan leƙa rasit ɗin ya ce, "Injiniya, ashe gida uku kake ciyarwa ba ka sani ba." Ana cikin haka bankin ya rage abin da mutum zai iya cira a waje duk wata, har ya zama in na biya haya, sauran kwanakin sai lallaɓawa.

Na je buɗe asusu a nan. Ma'aikaciyar ta juya takarduna ta ce izinin zamana na wata shida ne, sai na kawo mai tsawo. Na kai fasfona ofishin izinin zama neman izini mai tsawo, suka karɓa suka ba ni 'yar takarda: in biya kuɗin cikin kwana goma sha huɗu, ta intanet, da kati mai sunana. Ba sa karɓar kuɗi a hannu, ba sa karɓar katin wani. In wa'adin ya wuce, neman ya rushe.

Da hutun rana na zauna a kwamfutar ofishin rumbun, rigar sanyi ma ban cire ba. Na shigar da lambobin katin. Shafin ya ce an tura min lambobi shida ta layin wayata na gida. Na zaro tsohon sim ɗin daga cikin walat, inda na naɗe shi a takarda tun ranar da na sauka, na sa a waya. Shiru. Na kashe na kunna, na goge shi da gefen riga. Layin ya mutu, wata biyar ban sa masa ko kwabo ba.

Na kira bankin. Minti ashirin ina sauraron kiɗa, kuɗin kiran waje na ta zuba, kafin wani ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, canza lambar waya sai ka zo reshenka da kanka."

"Ina ƙasar waje."

"To in ka dawo."

"Fasfona na hannun hukuma. Ba za su ba ni ba sai na biya, ba zan iya biya ba sai kun canza lambar."

"Na fahimta, ranka ya daɗe. Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Na ajiye wayar. Dogo da ke cin abincinsa a kan kwali ya ce, "Ka kira lambar mana. Layin da aka bari, sayar wa wani ake yi."

Na kira lambar da na riƙe shekara tara. Ta shiga. Muryar wata dattijuwa ta amsa sallama, bayanta keken ɗinki na ta ƙara. Na gaishe ta da kyau, na gabatar da kaina, na ce wani saƙo ya shigo mata ɗazu mai lambobi shida.

Keken ya tsaya.

"Au, kai ne? Yau Allah ya kama ka. A jikin saƙon an rubuta kada a faɗa wa kowa. Ka ji tsoron Allah, bawan Allah, ka nemi sana'a."

"Hajiya, wallahi asusuna ne."

"Haka wanda ya kwashe wa maƙwabciyata kuɗi ya ce." Ta katse.

Na sake kira sau huɗu a kwana biyu. A na ƙarshe ta wanke ni tas, ta ce in na ƙara za ta kai lambata wurin 'yan sanda. Abin da ya fi ci min rai shi ne gaskiyarta. Da uwata ce, abin da zan ce ta yi ke nan.

Ranar kwana na biyar na gaya wa matata. Da ma ɓoye mata nake yi, kada hankalinta ya tashi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baban yara, kwana biyar kana cikin wannan ka yi shiru? Turo min lambar."

Ban san me suka ce wa juna ba. Na dai san kira uku aka yi, kuma a na uku Hajiya ta yarda ta kwatanta shagonta, a wani gari mai nisan awa uku a mota. Matata ta bar yara wurin yayarta, ta ɗauki tsofaffin takardun banki da katin aikina na da, wanda aka buga lambar a jiki, ta tafi.

Ranar kwana na tara, ina kwance ƙarƙashin injin ɗaki na biyu ina neman inda gas ke zuba, wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Ga matata a kan benci, ga wata dattijuwa siririya da awo rataye a wuya, tana duba takarda tana duba fuskata.

"Kai ne wannan na hoton? Ka rame."

"Ni ne, Hajiya."

"To ka yafe min zagin da na yi maka. Amma ka sani, don matarka zan yi. Kuma duk ranar da za ka nemi lambobin, ita za ta fara kirana."

Na ruga ofis da maiƙo a hannu. Na shigar da katin, saƙon ya tafi. Lambobin minti uku suke yi su mutu. Hajiya ta shiga neman tabarau a cikin ƙyallaye, matata na cewa ta kawo ta karanta mata, ita kuwa ta ce a'a, wayarta ba ta barin hannunta. Kafin a samo tabarau lokaci ya wuce. Na sake. Wannan karon ta karanto, amma ta mai da shida tara. Shafin ya yi ja, ya ce saura gwaji ɗaya a rufe katin.

Na ɗaga hannuwana daga kan kwamfutar. Dogo na tsaye a bakin ƙofa.

"Hajiya," na ce, "don girman Allah, ki rubuta su a takarda tukuna, ki nuna min."

Ta ɗauki allin da take zana yadi, ta rubuta su manya-manya a kan teburin yanka, matata ta juya wayar. Na kwafe ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya yi ta juyawa, sannan ya ce an karɓa.

Matata ta fashe da kuka. Hajiya ta ce, "Ke kuma mene ne? Tashi ki ci abinci kada motar yamma ta wuce ki."

Na buga rasit ɗin. A ƙasansa an rubuta cewa aikin zai ɗauki mako takwas zuwa sha biyu, fasfo kuma yana wurinsu har a gama.

Tun daga ranar, duk abin da zan biya ta intanet, kuɗin wuta ko tikitin bas na wata, sai na kira matata, ita ta kira Hajiya, in wayar na da caji, in ba ta tafi kasuwar yadi ba. Saƙonnin bankin duka wurinta suke zuwa. Ta san ranar da albashina ke sauka, ta san nawa ne, abin da ko yayana bai sani ba. Wata rana da kanta ta kira ni.

"Ɗan nan, sun sake cire maka har sau uku jiya. Kai ba ka magana ne?"

"Na yi, Hajiya. Sun ce in zo da kaina."

Ta yi tsaki. Sannan ta ce babban ɗanta ya ga saƙonnin, ransa ya ɓaci. Ya ce wannan harka za ta ja mata magana, ya sayo mata sabon layi, yana so ta karya wannan.

Na jingina da ƙofar ɗakin sanyi.

"Hajiya, mako biyar kawai aka ci."

"Na sani. Na ce masa ya bar ni zuwa ƙarshen watan gobe. Fiye da haka ba zan iya ba, shi ke biya min hayar shago."

Na ƙirga a raina. Ƙarshen watan gobe mako na goma sha ɗaya ke nan. Na yi mata godiya, na ce ta gaida ɗan nata. Bayan an tashi aiki na bi ta ofishin izinin zama, na ja lamba, na zauna a layin kujeru har aka kira ni. Mutumin da ke bayan gilashi ya duba kwamfutarsa ya ce ana kan aiki, in jira saƙo.