Gwanar Karatu ta Aji Uku

Da ruwan sama bai ɓata babban littafin aji uku ba, da Malama Perpetua ta ci gaba da yaudarar kanta har ƙarshen shekara. Ruwan ya bi ta hujin kwano ranar Asabar, ya zauna a kan kabad, safiyar Litinin ta tarar da labarin ɓaunar da ta ƙi shiga ruwa ya zama kunu. Ita kuwa ba ta iya zane ba, ko kaza ta zana sai yara su ce kwale-kwale ne. Sai ta samo manyan takardu ta kwafe labarin daga ka, kalmomi zalla, babu hoto ko ɗaya. Cikin gaggawa ta tsallake shafi na shida.

Ta kira Rosabel gaban allo, don Rosabel ce gwanarta. Yarinyar ta ɗauki sanda ta fara, murya tar, har da kwaikwayon gurnanin ɓauna. Da ta zo inda aka tsallake, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ta karanta shafi na shida tsaf daga farko har ƙarshe, bakin sandarta na tafiya a kan wasu kalmomi dabam. Yara suka tafa. Malama Perpetua ba ta tafa ba.

Lokacin tara ta tsayar da ita, ta rubuta kalma uku a allo: shinkafa, uwa, teku. Rosabel ta dubi allon, ta dubi gefensa inda hoto ya kamata ya kasance, sannan ta dubi malamarta tana murmushi.

"Malama, ki ɗan ba ni labarin tukuna, sai in karanta miki."

Shekara tara gare ta. Wata biyu da suka wuce, a gaban iyayen yara, wannan malamar da hannunta ta maƙala mata shuɗin ribon, ƙyallen yabo na gwanar karatu.

Ba a rasa dalili ba, kuma dalilin ne ya fi ci mata rai. Tsarin da aka koya musu a bita a birni ya raba safiya kashi-kashi. Minti goma sha biyar na farko, da zarar an gama taken ƙasa, na haruffa ne da sautinsu. Daga nan sai karatun tare a babban littafi, sai rukuni-rukuni, sai rubutu. In yaro ya kakare a kalma, a ce masa ya dubi hoto, ya dubi harafin farko, ya yi tunanin abin da zai dace. Masu bitar sun ce a daidaita komai kamar sikeli, kada wani ɓangare ya rinjayi wani. Sun faɗi haka ne a ɗaki mai sanyi, ba su san cewa a wannan yanki na tsibirin Negros yarinyar da uwarta ta rasu sai ta kai wa ubanta shinkafa da busasshen kifi cikin gonar rake kafin ta zo makaranta ba. Shekara uku ke nan Rosabel na shigowa bayan an share haruffa daga allo. Abin da ta tarar shi ta koya, ta kuma iya shi fiye da kowa: hoto, hadda da canki-canka.

Da ta kai wa shugabar makarantar, Malama Consorcia, maganar Rosabel, shugabar ba ta ko ɗago kai daga takardunta ba.

"Mun riga mun aika sunanta cikin masu iyawa. Ki bari ta shiga aji huɗu, can za ta kama."

"Ta kama me? Can babu mai koyar da haruffa."

"To ki koya mata da rana. Ai ba gudu za ta yi ba."

Ashe gudun za ta yi. Washegari kujerarta babu kowa, yaran suka ce ubanta, Manong Teryo, zai tafi saran rake can tsibirin Luzon wata shida, kuma da 'yarsa zai tafi. Motar 'yan ƙwadago za ta tashi ranar Alhamis da hantsi.

Ranar Alhamis ɗin Malama Perpetua ta bar ajinta a hannun malamar aji biyu, ta hau babur ɗin haya ta bi hanyar da rake ya rufe ta hagu da dama. Ta iske Manong Teryo a ƙofar bukkarsa yana naɗe addarsa cikin tsohon buhu, maƙwabta uku na zaune a kan benci suna taya shi hira. Ribon ɗin nan na rataye a jikin bango kusa da hoton matarsa.

"Lale, Malama! Inday, kawo kujera mai kyau, ba waccan gurguwar ba." Inday yake kiran Rosabel a gida.

Ta zauna, ta ƙi kofin da aka miƙo mata, ta roƙe shi ya bar yarinyar wajen gwaggonta ko da wata uku ne.

"Me ya rage mata kuma?" in ji shi. "Ai ta gama. Ni ɗin nan da kike gani, shekara talatin ina bin bakin mutane. Can gonar, shugaban leburori yakan juye maganin feshi cikin kwalaben lemo, ya rubuta suna da alƙalami. Wani na kashe ciyawa ne, wani na ƙwari, wata kwalbar kuma ruwan sha ne kawai. Bara wani ɗan garinmu ya kurɓi wadda ba ita ba, a kwance aka dawo da shi. Bana kuwa da idona zan tafi." Ya dafa kan Rosabel.

Malama Perpetua ta san abin da ake nufi da kunyata mutum a gaban maƙwabtansa. Ta kuma san babu sauran lokaci.

"Manong, ka yi haƙuri. Rosabel ba ta iya karatu ba. Laifina ne, ba nata ba."

Manong Teryo ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Wannan ribon, iska ce ta kawo shi?"

"Ni na ba ta. Kuskure na yi."

"Ran nan a gaban jama'a kin ce ta iya, yau a ƙofar gidana kin ce ba ta iya ba. Wace malamar zan kama a cikin biyun?" Ya miƙa hannu cikin kayansa ya zaro gwangwani. "Inday, karanta wa malamarki."

Rosabel ta juya gwangwanin. "Kifi cikin miyar tumatir, mai yaji."

"Kun ji ko!" in ji ɗaya daga cikin maƙwabtan. "Har da mai yaji. Ni ɗana in ka ba shi, lashe gwangwanin kawai zai yi."

Ga kifin nan a zane, ga tumatir, ga jan barkono. Daidai yadda aka koya mata ta yi, babu inda ta kauce. Malama Perpetua ta yago takarda daga littafinta, ta rubuta kalma ɗaya da manyan haruffa, irin wadda ake rubutawa a jikin kwalaben, ta miƙa mata.

Yarinyar ta daɗe tana kallon takardar. Ba ta son zama wajen gwaggo, kowa ya sani. Ta ɗaga kai ta dubi fuskar ubanta kamar yadda take duban hoto, ta ga abin da zai dace.

"An rubuta, Allah ya kiyaye hanya."

"Amin," in ji Manong Teryo. "Mun gode, Malama."

"Ba shi na rubuta ba."

Ya dubi maƙwabtansa. Babu wanda ya iya karatu a cikinsu, babu mai raba gardama. Ya ɗaga kafaɗa, ya saɓa buhunsa, ya ce rana na yi. Bai sake kallonta ba, ita ma ba ta ga laifinsa ba.

Rosabel ce ta rako ta bakin titi, ƙunshin kayanta a ka, takardar a dunƙule cikin hannunta. Daga nesa ana jin motar 'yan ƙwadago na tahowa tana danna ham a kowane rukunin bukkoki.

"Malama," ta ce a hankali, "mene ne a jiki?"

"Guba."

Yarinyar ta tsaya cak. Malama Perpetua ta durƙusa a cikin ƙura, ta warware takardar a kan gwiwarta, ta kama ɗan yatsan Rosabel ta ɗora a kan harafin farko ta faɗi sautinsa. Rosabel ta maimaita. Suka yi na biyu, suka haɗa shi da na farko. Ta maimaita daidai, sau ɗaya tak aka faɗa mata. Kai ne da ita, kullum da ma kai ne da ita, wannan ne ya sa malamar ta ji kamar ta kurma ihu. Suna kan na uku motar ta tsaya.

"Inday! Hau mana!"

Rosabel ta karɓi takardar ta cusa cikin rigarta. Sai da ta ɗora ƙafa ɗaya a kan tayar motar ta waiwayo.

"Malama, in shi mutumin kwalaben rubutunsa ba irin naki ba ne fa?"

Wani ya kamo hannunta ya ja ta sama, motar ta tashi.