Ranar da Na Kira Sunansa

Shekara ashirin da shida ke nan ina karin kumallo da ƙarar inji. Wasu matan zakara ke tashinsu, ni kuwa injin sare itace, domin mijina bai taɓa fita aiki ba sai ya tayar da shi a tsakar gida ya saurare shi. Gidan haya ne a Coal Camp, nan Enugu, mu da maƙwabta gida biyar. Tun suna zagi har suka gaji. Ni ma na gaji, amma ban daina ba, don masifa Allah ya hore mini yadda ya hore wa wasu iya kitso.

Sunana Ramlatu, ina tuyar masa a bakin kasuwar Ogbete. Shi kuwa Malam nake ce masa, in raina ya ɓaci in ce Baban Kamila. Sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, ko a mafarki. Haka aka raine mu a Indabawa ta Kano, mace ba ta kama sunan mijinta. 'Yan matan yanzu dariya abin yake ba su, su yi ta yi.

Abin da aka san Malam da shi a garin nan kunne ne. Masu inji, namu da 'yan gari, har gida suke kawo masa nasu in ya ƙi daɗi. Sai ya sa ɗan siririn sukuddireba a kabireta, ya karkata kai, ya matsa wuta. Ya sha faɗa musu a gabana: inji mai lafiya, in ba ya kan itace, za ka ji yana ɗan kurkurar baki. In ka ji yana tsala ihu sul ba gargada, mai ne bai ishe shi ba, kuma ƙonewa zai yi. Ban taɓa ɗaga injin nan ba, amma karatun ya zauna mini a ka dole. Na san ba a zuba masa fetur tsura sai an auna man haɗi an girgiza. Na san ba a ba sarƙa baƙin man da aka juye daga mota. Na san in dusar katako ta fito gari-gari kamar na tuwo, sarƙa ta dakushe, a tsaya a wasa ta, kada a danna da ƙarfin tsiya. Ilimin da ban nema ba, ga shi ya fi na tuyar masa yawa a kaina.

Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba. Lokacin da ya sayi injin, a cikin kwalin akwai abin toshe kunne, mai kama da marfin kwano biyu da aka haɗa da ƙarfe. Ranar ya rataye shi a ƙusa. Ya ce itace ba ya faɗuwa sai ya yi ƙara tukuna, wanda ya toshe kunnensa kuwa ba zai ji ba. Kamila, 'yarmu da ke aure a Onitsha, ta yi magana har ta bari. Ni na mayar da abin marataya, nan nake saƙale ledoji.

To, tun azumin bara sai mutumin nan ya zama mai haƙuri. In ina wanke-wanke ina zazzaga masa, ba ya ko ɗaga kai. Da can sai ya ce, “Ramlatu, ya isa haka.” Yanzu shiru. Har alfahari na yi wa Sakinatu maƙwabciyata, na ce girma ya zo wa Malam, ya san darajar mace. Kai, ni dai ban da wayo.

Cikin wata huɗu inji ya ƙone sau biyu. Wannan bai taɓa faruwa ba. Wata safiya ina tankaɗe sai na ji shi yana wannan ihun sul, irin wanda ake hana mutane. Na ɗaga murya daga kicin na ce, “Malam, zai ƙone fa!” Bai juyo ba. Na taso da gari a hannu na tsaya a gabansa.

“Ba ka ji yadda yake kuka ba?”

Ya zuba wa bakina ido, sannan ya kashe injin. “Fetur ɗin garin nan ne,” ya ce. “Gauraya shi suke yi.”

Na ce Allah ya kyauta, na koma tankaɗena, don masu sayen masa ba sa jiran kowa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Yunus a rumfata. Yunus shi ne abokin aikin Malam, shekara goma sha biyar yana riƙe masa igiya yana tuƙa akori-kurar da suke kwasar itace. Shi ma gemunsa ya fara fari. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar gida. Na ce, “Yunus, masata na ƙonewa, faɗi abin da ya kawo ka.”

Ya zauna a benci ya cire hula. “Maman Kamila, shekaranjiya Allah ne ya tsare. Wani mangwaro muke kayarwa. Gindin ya yi ƙara tun ba a gama yanka ba, ƙarar da mai okada a bakin titi sai da ya waiwayo. Na ƙwala wa Yaya Hafizu kira sau uku. Wallahi ko gezau. Sai da na cire takalmina na jefe shi a baya, sannan ya ɗaga kai ya yi tsalle. Wani reshe ya sauka daidai inda ƙafarsa take.”

Na ce, “Wataƙila ƙarar inji ce ta hana shi ji.”

“Shekara goma sha biyar ƙarar inji ba ta hana shi ji ba.” Ya murza hular a hannunsa. “Jibi Asabar akwai bishiyar malainar nan ta bayan rumfar mahauta, wadda iskar farkon damina ta karkatar. Na ƙwanƙwasa ta, kogo ne a cikinta. Mai kogo ba ta jira a gama yanka, ƙara ɗaya take yi ta tafi. In shi zai riƙe inji, ni ba zan riƙe igiya ba. Ba zan iya zuwa in yi miki sallama da mummunan labari ba.”

“To kai me ya hana ka faɗa masa?”

“Da wane bakin? Shi ya koya mini riƙe magagari. In dube shi in ce Yaya, ka kurmance?”

Wato ni ce mai bakin. Kowa ya san inda ake ajiye aikin da ba daɗi. Ranar masa goma sha biyu na ƙona, na ƙirga su.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauko kujera 'yar tsugunno ya zauna a tsakar gida, ya ba ƙofa baya, yana wasa sarƙar Asabar. Yadda ya saba: kowane haƙori goga uku da magagari, daga ciki zuwa waje, ba ƙari ba ragi, don in wani gefen ya fi wani kaifi yankan karkacewa yake yi. In ya gama sai ya ɗan ɗaga sarƙar da yatsa biyu ya sake ta, ya ga ko ta koma mazauninta. Maƙwabta duk sun fita. Na zo na tsaya a bayansa, taku uku tsakaninmu.

Na ce, “Malam, ga abinci.” Magagari ya ci gaba.

Na ce, “Baban Kamila!” da muryar da nake kiran masu saye daga tsallaken titi. Ya hure dusar ƙarfe daga haƙori, ya matsa zuwa na gaba.

Na saki farantin silbar da ke hannuna a kan siminti. Kajin Sakinatu suka watse har kan katanga. Shi kuwa ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda. Na ce ai miji na iya share kira, yana iya share faranti, in ya ga dama. Abu ɗaya ne na san ba mai rai da kunne da zai share. Na waiga hagu da dama kamar ɓarauniya. Na ce, “Hafizu.”

Kunya ta rufe ni tun daga ƙafa har ka, ni da jikoki biyu, na ja mayafi na rufe fuska. Na tsaya ina jiran ya juyo a fusace, ko da mamaki, ko da dariya, ko ma da mari, wallahi da na karɓa da godiya. Ɗaya, biyu, uku, magagari ya goga, ya wuce haƙori na gaba.

Na zagayo na durƙusa a gabansa na riƙe magagarin. Ya ɗago, ya ga fuskata, ya ga farantin a ƙasa can gefe.

Na yi magana a hankali, ina buɗe baki sosai. “Tun yaushe?”

Ya dubi sarƙar ya ce, “Kunnen hagu ya jima. Na dama tun azumin bara. Ba shiru ba ne, Ramlatu. Inji ne a ciki, dare da rana, ba ya mutuwa. In kina gabana ina tsintar magana a bakinki. A masallaci sahu nake kallo, in sun sunkuya in sunkuya.”

“Shi ne ka bar ni ina ta zuba a bayanka kamar mahaukaciya? Har ina yabonka wurin Sakinatu?”

Ya yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. “In na faɗa, wa zai kawo inji wurin kurma? Me na iya ban da wannan?”

Ina da masifa cike da ciki, ta shekara guda, ga dalili ya samu. Na buɗe baki, sai na ga ba ta da inda za ta shiga. Na ce kawai, “Gobe ba za ka riƙe inji ba. In ka riƙe, a gindin malainar zan shimfiɗa tabarma in zauna, ta faɗo mana tare.” Wannan kam ya karanta shi sarai, don sau biyu na maimaita.

Asabar da safe ya tayar da injin a tsakar gida kamar kullum, sai dai ya yafito ni da hannu. Ya sa sukuddireba, ya matsa wuta, idonsa a kaina. Inji na tsala ihu, na girgiza kai. Ya ɗan juya. Na sake girgiza kai. Ya ƙara kaɗan, sai na ji kurkurar nan ta dawo, na ɗaga masa hannu. Ya kashe. Ya je ƙusa ya sauke ledojina ɗaya bayan ɗaya, ya ciro abin toshe kunnen, ya goge ƙurar shekaru da gefen rigarsa.

Ban kunna wutar masa ba ranar, na bi su. A bayan rumfar mahauta ya zagaya malainar sau biyu yana kallon sama, ya nuna wani busasshen reshe aka fara saukewa. Ya sa aka share hanyar gudu ta baya, aka kawar da duk abin da zai harɗe ƙafa. Shi ya hau tsani ya ɗaura igiya, shi ya zana da gawayi inda za a yi bakin yankan, ɓangaren da ake so ta kwanta. Sannan ya miƙa wa Yunus injin da hannu biyu, ya ɗora masa abin toshe kunnen a ka.

Yunus ya ce, “Yaya, in na toshe, yaya zan ji ta?”

Ya gane tambayar ko bai ji ba. “Ka dubi yankan, in ya fara buɗe baki ka janye. Ni zan tsaya inda kake ganina, ina kallon samanta. In na sauke hannu, ka saki komai ka bi hanyar nan. Kuma kada ka yi yanka da hancin inji, zai haure ka.”

Mahauta huɗu suka kama igiya. Malainar ta yi ƙararta guda ɗaya, yadda Yunus ya faɗa, ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Amma kafin ta yi, hannun Malam ya riga ya sauka, Yunus ya riga ya matsa. Ta kwanta inda gawayi ya ce. Mutane suka yi ta sowa suna dafa Yunus. Malam na gefe yana naɗe igiya a gwiwar hannu, ba wanda ya kula da shi.

Da la'asar muna zaune a tsakar gida, na ajiye masa abinci bai taɓa ba. Hannayensa na kan gwiwa, ba abin da za su yi. Can ya ce, “Jiya da kika tsaya a bayana, na ga inuwarki a ƙasa. Kin daɗe. Me kika ce?”

Na ce ba komai, abinci na ce.

“Abinci ba ya sa ki rufe fuska da mayafi.”

Na dubi ƙofa, ba kowa. Na gyara zama na fuskance shi sosai, yadda zai ga bakina. Na sake faɗa, a karo na biyu a rayuwata.

Ya kalli leɓɓana har suka rufe. Ya gane. Idanunsa suka kawo ruwa, bai goge ba.

“Shekara ashirin da shida,” ya ce, “ina so in ji yadda zai fito a bakinki.”